Tsabta, Zalla, da Tsarki: Wanne Allah Yake Nema a Gare Ka?

Karatu: Littafin Firistoci 10:8-11, Markus 7:1-23, Yahaya 13:1-11



Wani saurayi daga cikin masu sauraronmu a zangon Kumasi ya aiko mana da tambaya. Ya ce ran Lahadi da safe yakan je sujada inda ake wa'azi da Turanci, da dare kuma ya kunna rediyo ya ji Maganar Allah da Hausa. Abin da ya dame shi ke nan: mai wa'azi yakan ce clean, can kuma ya ce pure, kafin a jima ya ce holy, amma idan tafinta ya tashi juyawa sai ya ce tsarki, tsarki, tsarki. Saurayin ya ce, "Shin abu ɗaya ne Turawa suka ba shi suna uku, ko kuwa abubuwa uku ne mu muka tara su a buhu ɗaya?"

Tambayar ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce. Akwai mutumin da ya shekara ashirin a ikilisiya yana tsammani ya gama da Allah domin ya sami na fari, alhali na biyu da na uku bai ko taɓa su ba. Akwai kuma wanda ya daina zuwa sujada gaba ɗaya, don yana ganin ƙazantarsa ta yi yawa. Dukansu biyu rikicewar kalmomin nan ce ta cuce su. Wataƙila kai ma kana ɗaya daga cikinsu.

Bari mu fara daga bakin titi. Daga Akara zuwa Yamai, yaro yakan bi motoci da ruwan leda a ka yana kiran "fiya wata". Kalmar pure ce muka mayar tamu. To, ka ɗaga ledar nan ka duba ta a rana. Ruwan garau yake, babu laka, babu ko ƙwayar ƙasa. Ido ya ce da tsabta. Amma duk wanda ya taɓa kwana yana zarya zuwa bayan gida saboda irin ruwan nan ya san cewa ido ba ya ganin kome da kome. Abu yana iya zama garau a ido, amma a ciki an sami abin da bai kamata ya shiga ba. Nan ne bambancin kalmomi biyu na fari yake.

Clean ita ce tsabta. Tana magana a kan abin da ya manne wa abu daga waje, wato dauɗa, ƙura, maiƙo, laka. Maganinta ruwa da sabulu da soso. Kwanon da aka wanke, rigar da aka yi wa wanki da guga, tsakar gida da aka share da sassafe, duk wannan kalma ce ta dace da su. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce tun asali, kuma daga gare ta aka sami cleanse, wato a wanke abu sosai.

Pure kuwa baƙuwa ce a Ingila. Asalinta Latin ne, ta shigo ta bakin Faransawa bayan da mutanen Nomandi suka ci ƙasar a shekarar 1066. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san ta da pur, kamar yadda suka san tsabta da propre. Wannan kalma ba dauɗar waje take dubawa ba. Tambayarta ita ce, an gauraya abin nan da wani abu dabam? Da Hausa sai mu ce zalla, ko tsantsa. Zumar da aka yi wa algus da narkakken sukari tana iya zama cikin kwalba mai ƙyalli, babu ko ƙafar ƙudan zuma a ciki, amma ba zuma zalla ba ce. Fetur da aka zuba wa kananzir ba datti gare shi ba, sai dai ka tambayi mai babur abin da yake yi wa inji. Sabulu ba ya maganin wannan. Ko ka kwana kana wanke kwalbar, algus yana nan.

Maƙeran zinariya sun fi kowa sanin wannan, kuma mutanen Gana, ƙasar da ake haƙar zinariya a Obuasi, ba sa bukatar dogon bayani. Zinariya mai karat 24 ita ce tsantsa. Mai karat 18 kashi uku cikin huɗu ne kawai zinariya, sauran wani ƙarfe ne. Ka goge zoben karat 18 har ya riƙa ɗaukar ido, ba zai zama 24 ba. Sai an sa shi a wuta. Zinariya kuwa ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,000. Annabi Malakai ya haɗa abubuwan nan biyu a wuri ɗaya, a sura 3 aya 2 da 3, inda ya kwatanta zuwan Ubangiji da sabulun mai wanki da kuma wutar mai tace ƙarfe. Yawancinmu muna son sabulun. Wutar ce ba ma so.

Ga wani abu da zai taimaki saurayinmu na Kumasi. Ba laifin tafinta kaɗai ba ne. Su kansu masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci ba su tsaya a kan kalma ɗaya ba. A Zabura 51:10, inda Dawuda ya roƙi sabuwar zuciya, juyin Sarki Yakubu na shekarar 1611 ya sa clean, juyin NIV na shekarar 1978 kuwa ya sa pure. A Sabon Alkawari ma kalmar Helenanci guda ɗaya, katharos, ita aka juya pure a Matiyu 5:8 inda ake maganar masu tsarkin zuciya, aka kuma juya ta clean a Yahaya 13:10 inda Yesu yake wanke ƙafafun almajirai. Saboda haka kada ka gina koyarwa a kan kalmar Turanci ita kaɗai, kamar da Turanci Musa ya yi magana. Kalmomin fitila ne da za su haska maka hanya, amma sai ka duba abin da nassin yake faɗa.

Akwai karin maganar da Turawa suke yi, cewa tsabta maƙwabciyar ibada ce. Mutane da yawa suna rantsuwa cewa aya ce. Ba aya ba ce, ba za ka same ta daga Farawa har Wahayin Yahaya ba. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, ya ambace ta a wani wa'azinsa a ƙarni na 18, daga nan ta bazu. Maƙwabtanmu Musulmi ma sukan ce tsabta cikon addini ce. Ba mu raina wannan ba ko kaɗan. Gidan Kirista bai kamata ya zama gidan ƙuda ba, kuma uwar da take wanke hannu da sabulu kafin ta ba jariri abinci tana ceton rai. Abin kunya ne a ce masai na majami'a shi ne mafi ƙazanta a unguwa. Amma maƙwabci ba shi ne mai gida ba.

Farisiyawa ne suka mai da maƙwabcin mai gida. A Markus sura 7 sun zo tun daga Urushalima, suka ga almajiran Yesu suna cin abinci ba su yi wankin hannu irin na al'adar dattawa ba, sai suka ta da magana. Ka lura, ba maganar ƙwayoyin cuta suke yi ba, maganar ibada ce. Yesu ya amsa musu cewa abin da yake shiga baki ciki yake tafiya ya fita, ba ya taɓa zuciya. Abin da yake ƙazantar da mutum daga ciki yake fitowa. Sai ya lissafta su a aya 21 da 22, ya sa sata da kisankai da zina a layi ɗaya da hassada, da yanke, da girman kai. Ɗan'uwana, ka karanta jerin nan a hankali. Rabinsa ana iya aikata shi cikin farar riga mai guga, a kujerar gaba, da littafin waƙoƙi a hannu. A Matiyu 23 ya kwatanta irin mutanen nan da ƙoƙon da aka wanke bayansa aka bar cikinsa, da kuma kabarin da aka shafa wa farar ƙasa.

Yahuza Iskariyoti ma an wanke masa ƙafa. Ka taɓa tunanin wannan? A daren nan Yesu ya ɗaura tawul, ya bi su ɗaya ɗaya, Yahuza kuwa bai fita ba sai daga baya. Ƙafafunsa sun fita fes kamar na Bitrus da na Yahaya. Da ƙafafun nan masu tsabta ya taka zuwa wurin manyan firistoci. Shi ya sa Ubangiji ya faɗa musu a wurin cewa ba dukansu ne tsarkaka ba.

To, mece ce zuciya zalla? Yakubu 4:8 ya buɗe mana ita. A aya ɗaya ya kira masu zunubi su wanke hannuwansu, ya kuma kira masu zuciya biyu su tsarkake zukatansu. Hannu wanki yake bukata. Zuciya kuwa matsalarta ita ce ta rabu biyu. Hausa ta riga ta san wannan, gama idan muka yaba wa mutum mukan ce yana aiki da zuciya ɗaya. Mai zuciya biyu yana son Allah, ba ƙarya yake yi ba, amma yana son wani abu dabam daidai da haka. Yana addu'a da safe, da dare kuma akwai laya a ƙarƙashin matashin kai, wai ko da Allah ya yi jinkiri. Yana ba da zakka, amma yana da mudu biyu a rumfa, na saye da na sayarwa, abin da Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta kira abin ƙyama. Tana waƙa a zumuntar mata, amma shekara bakwai ba ta gaisa da matar ƙanen mijinta ba. Wannan duka algus ne.

A nan zan ɗan tsaya a kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a taron matasa. Da an ce purity, sai kowa ya ɗauka maganar saurayi da budurwa ce kaɗai. Turanci yana da kalma ta musamman domin wannan, wato chaste, kamun kai daga fasikanci, ita ce juyin 1611 ya sa a 2 Korintiyawa 11:2 da Titus 2:5. Umarni ne, ba mu sassauta shi ba, kuma ya hau kan namiji kamar yadda ya hau kan mace, ko da yake a ikilisiyoyinmu yarinya ce ake tsayarwa a gaban jama'a, yaron kuwa ya sulale. Amma ɗaki ɗaya ne a cikin babban gida. Dattijon da bai taɓa duban matar wani ba, amma ya cinye kuɗin ginin majami'a, bai fi yarinyar nan tsarki ba.

Dawuda ya gane zurfin abin bayan da annabi Natan ya tone shi a kan Batsheba da mijinta Uriya. Da farko ya roƙi a wanke shi. Da ya kai aya 10 ta Zabura 51 sai ya canja roƙo, ya yi amfani da kalmar Ibrananci bara, wadda aka buɗe Littafin Farawa da ita, kalmar halitta. Sarkin da yake da bayi masu ɗebo masa ruwan wanka ya ga cewa gyara ba zai yi ba, sai an yi sabuwa. Wannan kuwa ba aikin mutum ba ne.

Yanzu ga ta uku, holy. Ita ma tsohuwar kalmar Ingilishi ce, danginta su ne whole, wato cikakke, da heal, wato warkarwa. Masu wa'azi suna son wannan dangantaka, tana da daɗin ji, amma ma'anar da Littafi Mai Tsarki ya ba ta daga kalmar Ibrananci kadosh ta fito, wadda take nufin abin da aka keɓe domin Allah. Sanctify da saint, waɗanda suka fito daga Latin, su ma nan suka dosa. A keɓe, a ce wannan na Ubangiji ne.

Ka duba abin da Allah ya faɗa wa Haruna a Firistoci 10:10, bayan mutuwar 'ya'yansa Nadab da Abihu. Ya ba firistoci aikin rarrabewa iri biyu, ba ɗaya ba. Na fari, tsakanin abin da aka keɓe wa Allah da abin yau da kullum. Na biyu, tsakanin mai tsabta da marar tsabta. Layi biyu ne dabam. Tukunyar matar Ba'isra'ile tana iya zama da tsabta sarai, amma tukunyar gida ce, ba ta alfarwa ba. Ƙasar da Musa ya taka a gaban kurmin da yake cin wuta, a Fitowa sura 3, ƙasar jeji ce inda tumaki suke kiwo, ba wanda ya share ta. Amma an ce ya tuɓe takalmansa. Ba shara ce ta mai da ita wuri mai tsarki ba, kasancewar Allah ce. Haka kuma a Daniyel sura 5, sarki Belshazzar ya sa aka kawo kwanonin zinariya da na azurfa da aka kwaso daga Haikali, ya sha ruwan inabi a ciki tare da fadawansa da matansa. Ba na shakka barorin fada sun goge su sun yi ƙyalli kafin su kai teburin sarki. Laifinsa shi ne ya ɗauki abin Allah ya yi shagalinsa da shi, a daren nan kuwa aka kashe shi.

A gidajenmu ma mun san wannan. Akwai kwanon maigida, yaro ba ya cin tuwo a ciki ko da an wanke shi. Akwai ƙoƙon Jibin Ubangiji, ba wanda zai ɗauke shi ya sha koko. Tambayar da tsarki yake yi maka ita ce, kai na wane ne?

A harshenmu na yau da kullum, in mutum ya fito daga bayan gida mukan ce ya yi tsarki. Kalmar da muke kiran Ruhun Allah da ita, da ita muke kiran aikin buta. Ba abin mamaki ba ne in mai sauraro ya ɗauka cewa tsarki abu ne da mutum yake yi wa kansa da ruwa. Amma a Littafi Mai Tsarki Allah ne mai keɓewa. Ka duba ikilisiyar Korinti. Akwai tsattsaguwa a cikinsu, suna kai juna kotu, wasu suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji, akwai ma wanda yake zama da matar ubansa. Duk da haka Bulus ya buɗe wasiƙarsa ta fari yana kiransu tsarkaka. Ba yabon halinsu yake yi ba. Yana tuna musu ne cewa an saye su da tamani, su daina zama kamar marasa ubangiji. Kai ma ba za ka yi ta gyara hali ba har wata rana Allah ya ga ka isa ya ce kai nasa ne. Ya fara karɓarka cikin Almasihu, sa'an nan ya sa hannu ga wankin da tacewar.

Akwai kalma ta asibiti da nake so in ƙara, sterile. Ana faɗarta a kan almakashi da allurar da aka dafa har ba sauran ƙwayar cuta. Amma a Turanci kalmar nan ita ce kuma ake faɗa wa wanda ba ya haihuwa. Akwai masu bi irin wannan. Ba sa shan giya, ba sa zuwa gidan rawa, ba sa zama da masu zunubi, ba sa cin abincin maƙwabci. Ba kuma wanda ya taɓa zuwa wurin Almasihu ta dalilinsu. A Yahaya 15:2-3 kalmar da aka yi amfani da ita domin aske rassan inabi da kalmar tsabta tushensu ɗaya ne a Helenanci. Manomi yana aske reshe domin ya ƙara 'ya'ya ne. Bitrus ma sai da aka nuna masa wahayi har sau uku a kan soro a Yafa kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus, mutumin da ba Bayahude ba. Daga baya, a Ayyukan Manzanni 15:9, shi da bakinsa ya shaida cewa ta wurin bangaskiya Allah ya tsarkake zukatan al'ummai.

Yanzu na juyo gare ki, 'yar'uwata, ke da kika daina zuwa sujada, da kai ɗan'uwana da kake zama a bayan taga ka ji wa'azi ka gudu kafin a tashi. Kun ce kun ƙazantu da yawa. Ku lura da abu biyu. Na fari, a Shari'ar Musa ba kowace rashin tsabta ce zunubi ba. Wanda ya binne mahaifinsa yakan ƙazantu kwana bakwai bisa ga Littafin Ƙidaya sura 19, ba kuwa laifi ya yi ba. Macen da ta haihu ma haka, har Maryamu uwar Ubangijinmu ta kai hadayar tsarkakewa a Luka sura 2. In abin da ya same ki wani ne ya yi miki da ƙarfi, ko ciwo ne ya kama ka har mutane suna gudunka, kunyar da kuke ji ba shaidar laifi ba ce.

Na biyu, in ma laifin naka ne da gaske, ka duba kuturun nan na Markus 1:40-42. A bisa Shari'a, mai irin wannan ciwo a bayan zango yake zama, yana gargaɗin mutane kada su matso. Ka'idar da kowa ya sani ita ce, in mai tsabta ya taɓa marar tsabta, mai tsabtan ne yake ƙazantuwa. Mutumin nan bai jira ya warke kafin ya zo ba. Ya zo yadda yake, ya durƙusa. Yesu yana da iko ya yi magana daga nesa, ya taɓa yin haka ga waɗansu. Amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Kuturtar ba ta hau Yesu ba, tsarkin Yesu ne ya sauko a kan kuturun. Alkawarin 1 Yahaya 1:7-9 ke nan, cewa wanda ya furta zunubinsa, jinin Yesu yana wanke shi daga dukan rashin adalci. Sharaɗin shi ne furtawa, a kira abin da sunansa, kamar yadda Dawuda ya yi a gaban Natan.

Kafin ka kwanta yau, ka ɗauki Markus 7:21-22 ka karanta da ƙarfi, kalma kalma. Inda muryarka ta yi nauyi, ka tsaya a nan. In mudu ne, ka fasa shi gobe kafin ka buɗe rumfa. In laya ce, ka kai wa fastonka ku ƙone ta tare. In gaba ce, ka san ƙofar gidan.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka san abin da na ɓoye a ƙarƙashin farar rigata. Ga shi na kawo maka, na kira shi da sunansa. Ka miƙo hannunka ka taɓa ni kamar yadda Ɗanka ya taɓa kuturun nan, in kuwa sai da wuta, ka riƙe ni har in fito. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.